Tasirin Tsoffin Ma'anonin Kalmomi Wajen Fahimtar Littafi Mai Tsarki a Ƙasar Malumfashi

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda ma'anonin da wasu kalmomin Hausa suka riga suka ɗauko daga Musulunci da addinin gargajiya suke shiga tsakanin mai karatu da nassin Littafi Mai Tsarki na Kirista. An ɗauki ƙasar Malumfashi a matsayin farfajiyar nazari, aka bi kalmomin iska da aljan da shari'a da alheri, sannan aka dubi misalan noma guda biyu daga Bishara. Muƙalar tana ganin cewa tsohuwar ma'anar kalma takan karkatar da mai karatu a wani wuri, a wani wurin kuma takan kai shi kusa da asalin nassi fiye da yadda Ingilishi zai kai shi.

1.0 Gabatarwa

Kalmar fassara a Hausa tana ɗauke da ayyuka biyu. Wanda ya juya magana daga wani harshe zuwa wani ya yi fassara, wanda ya warware ma'anar mafarki ko karin magana shi ma fassara ya yi. A karatun Musulunci akwai abin da ke raba ayyukan biyu a kunnen mai sauraro, domin a wurin tafsiri mai jan baƙi yakan karanto aya da Larabci, malami ya biyo da Hausa, kowa ya san wanne ne nassi, wanne ne bayani. A majami'ar da ake sujada da Hausa kuwa, littafin da ke hannun fasto ko katakis shi kansa Hausa ne. Ba a jin Ibrananci ko Girkanci, wato harsunan da aka rubuta mafi yawan littafin da su. Saboda haka kalmar da mai fassara ya zaɓa, wataƙila bayan doguwar muhawara a kwamiti, takan isa ga mai karatu tamkar ita ce asali.

Lamarin yana da nauyi a ƙasar Malumfashi da maƙwabciyarta Kafur, inda Kiristoci da yawa Hausawa ne gaba da baya, zuriyar Maguzawa, waɗanda Hausa ce harshensu na gida da na ibada. Mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta yi aiki a yankin. Haka ma limaman Katolika 'yan Dominikan, waɗanda suka kafa cibiyar horas da katakis a Malumfashi. Da aka ƙirƙiro dayosis ɗin Katsina a 2023, bishof ɗinsa na farko, Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi ne. Mai karatu a nan ya gaji kalmomin addini ta hanya biyu, daga kakanninsa masu bautar iskoki da kuma maƙwabtansa Musulmi, kuma da wannan gadon yake buɗe littafi.

2.0 Fassarorin da ke Hannun Jama'a

James Frederick Schön, Bajamushen da ya yi wa ƙungiyar CMS aiki, shi ya fara juya sassan littafin zuwa Hausa tun daga 1857, ya kuma fitar da Sabon Alkawari a 1880. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, ya dogara ne ga bakin mutane irin su Dorugu, yaron da Barth ya kai Ingila. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta. Sabuwar fassara ta ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fito a wajen 1980, daga baya kuma aka sami Sabon Rai Don Kowa. Ko a sunaye ana ganin inda kowace ta karkata. Fassarar 1932 ta yi amfani da Kristi da Yohanna, ta 1980 ta koma ga Almasihu da Yahaya, sunayen da Bahaushe Musulmi ya riga ya sani. Littafi na biyar na Attaura, wanda tsofaffi suka sani da Kubawar Shari'a, ya zama Maimaitawar Shari'a. A rukunin nazari guda ana iya samun dattijo da bugun 1932, matashi kuma yana karanta wata fassarar a waya. Wannan ba aibi ba ne, hasali ma ita ce hanya mafi araha da wanda bai san Girkanci ba zai gane cewa an yi zaɓi a wani wuri.

3.0 Iska da Aljan

A Girkanci kalma ɗaya ce, pneuma, take nufin iskar da ke kaɗawa da kuma ruhu. Haka ruah take a Ibrananci, kuma dukansu biyu suna ɗauke da ma'anar numfashi. Yahaya 3:8 an gina ta ne kacokan a kan wannan harshen damo, inda aka kwatanta aikin Ruhu da kaɗawar iska, wadda ake jin motsinta ba a san mafitarta ba. A Ezekiyel 37, wahayin kwarin ƙasusuwa, kalmar ruah tana sauya fuska tsakanin numfashi da iska da ruhu a cikin 'yan ayoyi kaɗan.

Abin lura shi ne Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan tsaf. Iska ita ce mai kaɗa ganye, iska kuma ita ce mai hawa kan mutum a bori. Amma masu fassara ba su da halin amfani da ita ga Ruhu Mai Tsarki, domin iskoki su ne abin bautar Maguzawa, balle kuma ga ɗan iska da iskanci a bakin jama'a. Sai aka ɗauki ruhu daga Larabci. Zaɓin ya yi daidai, sai dai an biya kuɗinsa, domin mai karatu yana ganin kalmomi biyu a inda marubucin ya sa ɗaya. Malamin da ya san wannan zai iya bayyana ayar ga ɗan Malumfashi cikin jimla biyu, abin da malamin Ingila zai sha wahala kafin ya yi.

Matsalar ta fi tsanani ga aljan. Abin da Girkanci ya kira ruhu marar tsarki, wanda fassarar kalma da kalma za ta ba da ƙazamin ruhu, fassarar 1980 ta kira shi baƙin aljan. Hausa ce mai daɗin ji, amma tana jawo tsarin da ba ya cikin nassin. Greenberg (1946), a bincikensa kan Maguzawan Kano, ya nuna yadda ake kasa iskoki zuwa farare da baƙaƙe, na gida da na daji, kuma Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya bayyana matsayinsu a sha'anin ciwo da magani. A wannan tunani iskar gida abar gado ce, ana yi mata yanka, tana tsare gona da iyali. Duk wanda ya tashi a ciki, idan ya ji baƙin aljan, zai iya fahimtar cewa akwai fari wanda hukuncin bai shafa ba. Marubutan Bishara ba su da wannan rabo. Sifar da suka yi amfani da ita ta tsarki ce, ba ta launi ba. A Markus 5 mutumin yana zaune a makabarta, a yankin waɗanda ba Yahudawa ba, kusa da garken aladu, abubuwa uku da dokar tsarki ta Yahudawa ke ƙyama. A nan ilimin maƙwabci Musulmi game da najasa da tsarki ya fi tsarin fari da baƙi taimakon mai karatu.

4.0 Shari'a

Tora a Ibrananci asalinta koyarwa ce ko nuni, aka juya ta zuwa nomos a Girkanci, Hausa kuma ta karɓe ta da shari'a. Amma shari'a a bakin Bahaushe tana nufin dokar Musulunci, tana nufin zaman kotu, tana kuma nufin yanke hukunci. Tun daga 2000, lokacin da Jihar Katsina ta bi sahun jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kalmar ta ƙara ɗaukar nauyin siyasa, musamman a kunnen tsirarun Kiristoci. Idan aka karanta wasiƙar Galatiyawa, inda Bulus yake magana kan 'yantuwa daga shari'a, abu ne mai sauƙi mai sauraro ya ɗauka ana magana ne kan kotun da ke garinsu.

Bulus ya rubuta wasiƙar a ƙarni na farko, fiye da shekara 500 kafin bayyanar Musulunci, kuma tambayarsa takamaimiya ce: shin wanda ba Bayahude ba, idan ya bi Almasihu, wajibi ne ya yi kaciya ya kuma kiyaye dokokin Musa? Wanda ya ɗora wa ayoyin rikicin yau ya zalunci nassin, ya kuma zalunci maƙwabcinsa. Ban da haka, Bulus ɗin da kansa ya kira shari'a tsattsarka a Romawa 7:12, kuma Zabura 119, mai ayoyi 176, yabon Tora ce daga farko har ƙarshe. Komawa ga kalmar doka yana rage wannan ruɗani, amma ita ma tana da nata tarihin, domin ƙamshin mulki da ɗan doka take yi, ba na koyarwar uba ga ɗansa ba.

5.0 Alheri

Wannan ita ce kalmar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Karis ta Girkanci, ginshiƙin tauhidin Bulus, an juya ta da alheri, kalmar da Hausa ta aro daga al-khair ta Larabci, ta kuma mayar da ita 'yar gida. Hausawa suna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, suna kuma cewa alheri gadon barci ne. Duka biyun suna nuna cewa alheri yana komowa ga mai shi. A ƙauye ana ganin haka a biki, inda abin da aka kawo wa mace ranar sunan ɗanta ake tuna shi, ita ma ta mayar idan ta wancan ta taso. Ana ganinsa a gayya, inda wanda ya yi wa wani noma yau yake sa ran a zo masa gobe.

Koyarwar da mishan masu bishara suka kawo ta jaddada cewa karis kyauta ce da ba a biya, ba a kuma cancanta. Daga nan ake iya yanke hukunci cewa alheri na Hausa gurguwar fassara ce, tun da yana jiran sakayya. Wannan hukunci ya yi gaggawa. John Barclay na Jami'ar Durham ya nuna a 2015 cewa a duniyar Girkawa da Romawa kyauta takan ƙulla zumunci ne, ana kuma sa ran godiya da biyayya daga wanda ya karɓa. Tunanin kyautar da ba ta neman komai ko kaɗan ya fi ƙarfi ne a Turai ta baya-bayan nan. Abin da ya bambanta Bulus, a ganin Barclay, shi ne cewa ana ba da kyautar ba tare da duban darajar mai karɓa ba. Afisawa 2:8-10 ta haɗa ɓangarorin biyu, ta kore ayyuka a matsayin dalilin ceto, nan take kuma ta ambaci kyawawan ayyuka a matsayin abin da ake jira daga wanda aka ceta.

Idan haka ne, Bahaushe ya riga ya riƙe rabin ma'anar, wato cewa alheri yana ɗaure mutum da wanda ya yi masa, kuma butulci abin kunya ne. Rabin da zai ba shi mamaki shi ne na farko. A biki ana kai wa wadda za ta iya mayarwa, a gayya ana zuwa gonar wanda ya san ya kamata. Alherin da Bulus ke magana a kai ya faɗa ne a kan wanda ba a sa ran komai daga gare shi. Mai wa'azin da ya ce wa jama'a su manta da duk abin da suka sani game da alheri ya zubar da jarin da harshen ya ba shi.

6.0 Misalan Noma a Gaban Manoma

Ana iya zaton misalan noma ba za su yi wa mutumin Malumfashi ko Funtuwa wuya ba, tun da masara da dawa da auduga su ne rayuwarsa. Sanin noman ne ma yake kawo tambaya. A nan shuka da sungumi ake yi, mutum ya sara, na bayansa ya jefa iri ya rufe da ƙafa. Babu manomin kirki da irinsa zai faɗa a kan hanya ko kan dutse. Mai shuka na Markus 4 sai ya zama kamar sakarai ko almubazzari, kuma darasin yana iya juyewa ya koma gargaɗi kan sakaci. Manomin Falasɗinu kuwa yafa alkama da sha'ir yake yi da hannu, kamar yadda ake yafa shinkafa a fadama, don haka faɗuwar wani iri a gefen hanya abu ne da kowane mai sauraro na lokacin ya saba gani. Hankalin misalin yana kan ƙasar da ta karɓi irin da kuma yawan amfanin da aka samu.

Misalin ciyawa a cikin alkama, a Matiyu 13:24-30, ya fi wannan tarko. Mai gona ya hana barorinsa cire ciyawar har sai lokacin girbi, umarnin da ya saɓa wa duk abin da manomi ya sani game da noman farko da maimai. Idan mai bayani ya ɗauki ƙuduji a matsayin kwatanci, saboda ita ce babbar abokiyar gabar dawa da masara a yankin, misalin ya rushe, domin ƙuduji da furenta ba ta ɓuya, kuma wanda ya bar ta ta zuba iri ya kashe gonarsa ta baɗi. Tsiron da Girkanci ya kira zizaniya yana kama da alkama ƙwarai har sai ya fitar da kai, saiwoyinsu kuma sukan sarƙe. Mafi kusa da shi a gonar Bahaushe ita ce shibra a cikin gero, wadda mai cira yakan bari da hannunsa yana zaton gero ce, ya tumɓuke na kirkin da ke gefenta.