Darasi na Tara: Kasafin Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Sauyin Yanayi

Damina ta sauya hali. Wata shekara ruwa yakan makara har shuka ta bushe. Wata shekara kuma a yi ta tafka shi har gidaje su rushe. Zafin bazara ma ya ƙaru. Wannan shi ne sauyin yanayi. Babban abin da ke jawo shi shi ne hayaƙin fetur da kwal da gas, sai kuma sare dazuzzuka.

A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale unguwanni masu yawa a Maiduguri.

Ruwan sama daga Allah yake. Amma kwatar da ta toshe da leda, da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, aikin mutum ne. Gyaransu yana buƙatar kuɗi, kuɗin hukuma kuwa ta hanyar kasafi yake fita.

Mene ne kasafi?

Maigida mai tsari yakan raba amfanin gonarsa tun da kaka: ga na ci, ga na iri, ga na ko-ta-kwana. Haka ita ma ƙaramar hukuma take rubuta kuɗin da take sa ran samu a shekara, da ayyukan da za ta yi da su. Shugaba ne ke gabatar da kasafin, kansiloli su duba su amince. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, ta ƙare a Disamba.

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Yawancin kuɗinsu daga asusun tarayya yake zuwa kowane wata. Sauran kuma daga harajin kasuwa da na tasha da makamantansu. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Kasafi kashi biyu ne. Akwai kuɗin yau da kullum, kamar albashi. Akwai kuɗin manyan ayyuka, kamar gina kwalbati. Kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da hanyoyin cikin gari, da magudanan ruwa, da kwashe shara. Saboda haka mai neman a gyara kwata ba alfarma yake nema ba, haƙƙinsa ne.

Me ya kamata a sa a ciki?

Na farko, ayyukan kare kai daga abin da ya riga ya zo. Su ne yashe magudanai kafin ruwan farko, da gina kwalbati mai faɗi, da shata hanyoyin ruwa don kada a yi gini a kansu. Sai haƙa rijiyar burtsatse inda ake ƙarancin ruwa, da samar wa manoma iri mai saurin nuna. A kuma ware kuɗin agajin gaggawa, a tanadi tudun da za a kwashe mutane idan ruwa ya taso.

Na biyu, ayyukan rage hayaƙi da raya ƙasa. Su ne fitilu da famfuna masu aiki da hasken rana, da murhu mai cin itace kaɗan, da dashen itatuwa. Dashe ba ya isa shi kaɗai. Sai an sa kuɗin ban-ruwa da shinge, in ba haka ba awaki da rani su gama da shi. Manoman Maradi da Damagaram sun nuna hanya mai arha: suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna kula da su har su girma. Da haka miliyoyin itatuwa suka dawo.

Yaushe za a yi magana?

Da sanyin safiya ake kama fara. Ana tsara kasafi ne a watannin ƙarshen shekara, to lokacin ne na kai koke, ba sai ruwa ya shigo ɗaki ba. A farkon shekara hukumar NiMet tana sanar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana ambaton wuraren da ake fargabar ambaliya. Ku saurara a rediyo.

Ku taru da mai unguwa, maza da mata. Ku zaɓi matsala ɗaya ko biyu da suka fi damun ku. Ku rubuta takarda, ku sa kwanan wata da hannu, ku kai wa kansila, ku ajiye kwafi. Idan kasafi ya fito, ku nemi a nuna muku sunan aikin da kuɗinsa. Idan an fara aiki, ku je ku gani. Wanda ya iya karatu yana iya duba wannan da idonsa, ba sai an gaya masa ba.

Tambayoyi

1. Wane ne ke amincewa da kasafin ƙaramar hukuma?
2. Kawo ayyuka uku na kare gari daga ambaliya.
3. A ce yashe kwata ɗaya naira 50,000 ne. Nawa za a kashe wa kwata shida?
4. Rubuta wa kansilanku wasiƙa mai layi biyar game da hanyar ruwan unguwarku.