Jinyar Tsohon Da Mantuwa Ta Kama

Jama'a, akwai mantuwar da kowa yake yi, kamar mutum ya ajiye carbi ya rasa inda ya sa shi. Akwai kuma wadda ta wuce nan. Tsohuwa ta gama cin tuwo, ba a ko ɗauke kwano ba, ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Dattijon da ya tsufa yana zuwa masallacin unguwa ya fito daga sallar La'asar ya kasa gane hanyar gida. Mukan ce gigin tsufa ne, mu wuce. To, a sani cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba.

Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ya fara bayanin nau'inta mafi yawa, wanda ake kira da sunansa, a 1906, bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da aka kawo masa a Frankfurt tana da shekara 51 kacal. Wasu sinadarai ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta sannu a hankali, sun kuma fi farawa daga wurin da ke adana sabon abu. Shi ya sa Inna za ta ba ka labarin bikinta tiryan-tiryan, amma ta manta wanda ya gaishe ta ɗazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da irin wannan larura, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nasu Alzheimer ce.

Abin farko, a je asibiti. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, har da ciwon mafitsara, duk suna iya rikita tsoho, kuma waɗannan suna warkewa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, suna da likitocin wannan fanni. In ta tabbata Alzheimer ce, magani irin su donepezil yana sassauta alamun na wani lokaci, amma ba ya warkarwa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai raba ta da ciwon ɗungurungum, a kama aljihu.

Sauran aikin kuwa a gida yake, kuma babbar dokarsa ita ce kada a yi musu. In Inna ta ɗaure kayanta a ɗankwali da almuru ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take, kada ka ce, "Haba Inna, nan ba gidanki ba ne?" Ce mata, "To Inna, bari mu sha fura tukuna." Kafin a wanke ludayi ta manta. Rikicin yakan tsananta da faɗuwar rana, don haka a kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara. A bar mata ɗakinta yadda ta san shi, lokacin abinci da na wanka kada su riƙa sauyawa. A ɓoye ashana, wuƙa da magunguna, a rufe rijiya. In ta yi Azahar sau uku, ko ta yi ba alwala, a ƙyale ta. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe babu hukunci a kansa. Ɗaurewa da duka kuwa zalunci ne, haka ma jifan ta da maita don tana sambatu cikin dare.

Yanzu sai mu zo kan wadda ba a cika tambayar lafiyarta ba, wato mai jinya. Galibi mace ce, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko suruka. Ita ke wanke fitsari, ita ke kwana ido biyu, ita ce kuma tsohuwar za ta nuna ta ce, "Wannan ce ta sace mini kuɗi," kuɗin kuwa suna ƙarƙashin katifa. Sai ɗa ya zo daga Abuja ranar Asabar, Inna ta tarbe shi da fara'a, ya tafi yana cewa ana zuzuta abin ne. Da haka zumunci yake lalacewa, wani lokaci har aure. A ganina, wanda bai taɓa kwana da majinyaciyar ba bai kamata ya yanke hukunci a kan mai jinya ba.

Saboda haka 'ya'ya su zauna, maza da mata, su raba nauyin dalla-dalla: wane zai sayi magani da ƙunzugun manya, wace za ta karɓi kwana biyu a mako, wane zai kai ta ganin likita. Wanda yake nesa ya biya mai taimako. Mai jinya ta samu ranar da za ta fita unguwa, ta yi barci ta ƙoshi, a kuma riƙa auna jininta ita ma. Ke kuma mai jinya, ki daina cewa "ba komai" alhali da komai. In kin ji kin fara yi mata tsawa, ko kina kuka ba dalili, gaya wa likitan da ke duba ta; ki kuma tambayi sashen jin daɗin jama'a na asibitin ko akwai wasu masu irin jinyarki da za ku riƙa haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani darasi kyauta mai suna iSupport domin masu wannan jinya, wanda ya iya intanet a gida ya nemo ya karanta wa sauran.

Kada kunya ta sa a ɓoye. A sanar da mai unguwa, liman, maƙwabta da mai shagon bakin layi, don in sun ga Baba ya miƙe hanya shi kaɗai su dawo da shi. A ɗinka masa lambar waya a cikin aljihun riga, a ajiye sabon hotonsa saboda cigiya. Maganar takardun gona da asusun banki kuma a yi ta da shi tun yana gane mutane, a gaban shaidu.