Rinin Gram: Me Ya Sa Komai Yake Fitowa Shunayya?

Wata ɗaliba da ke aji biyu a kwalejin kimiyyar lafiya ta aiko da kukanta. Ta ce duk sanda ta yi rinin Gram, komai shunayya yake fitowa, har da Escherichia coli da malaminsu ya ce ruwan hoda ya kamata ta nuna. Wani lokacin ma sai dunƙulen baƙi ya cika gilashin, ba a gane kai ba a gane gindi. Tana tambaya ko madubin lab ɗinsu ne ya tsufa.

'Yata, ki ƙyale madubin nan, ba shi da laifi. Kafin gilashi ya hau kansa an riga an gama ɓarnar a kan benci.

Likitan nan ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, shi ya fito da wannan rini a 1884, lokacin yana aiki a Balin, kuma har yau da shi ake fara tantance bakteriya. Dabarar ta dogara ne ga bangon ƙwayar. Wasu bakteriya bangonsu na feftidogilaikan mai kauri ne. Idan kiristal bayolet ya shiga, aidin ya bi shi suka haɗe, sai alkohol ya tsotse ruwan bangon ya ƙara tsuke shi, launin ya rasa hanyar fita. Su ne Gram-fozitif, masu zama shunayya. Wasu kuwa bangon siriri ne, da wata fata mai maiƙo a waje; alkohol na narkar da ita launin ya zube, su koma fayau, sai safranin ya ba su ruwan hoda. Su ne Gram-negatif. Kin ga ke nan a cikin matakai huɗun, na uku ne kaɗai yake rarrabewa. Sauran idan kin ƙara 'yan daƙiƙoƙi ba abin da zai faru. Wankin alkohol kuwa ba ya yafiya.

Sai dai daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton matsalarki tun daga shafi ta faro. Sabon ɗalibi yana ganin in bai kwaso da yawa ba ba zai ga komai ba, sai ya sa waya ya kankaro rabin abin da ya tsiro a faranti ya laɓta a gilashi. Shafi mai kauri kamar wanke zane ne a naɗe: waje ya fita, ciki yana nan da dauɗarsa. Alkohol ba ya ratsa tsakiyar dunƙulen, don haka ko Gram-negatif ce a wurin shunayya za ta zauna. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ƙarami. Ki ƙona wayar har ta yi ja, ki bari ta huce, sannan ki taɓa tsiro guda ɗaya, taɓawa kawai. Ki dama, ki baza da faɗi. Idan ya bushe ki ɗora gilashin a kan rubutun jarida. In kina iya karanta haruffan ta cikinsa, shafin ya yi. In ba kya iyawa, ki sake wani, gilashi ba tsada gare shi ba.

Ki bar shi ya bushe da iska. Kada gaggawa ta sa ki kanga shi a wuta da danshi, tafasa ƙwayoyin za ki yi su farfashe. Bayan ya bushe ne za ki ratsa shi ta harshen wuta sau biyu ko uku, gefen shafin yana sama, don ƙwayoyin su manne. Ki taɓa gilashin a bayan hannunki: ɗumi ake so. In ya ƙona ki, su ma sun ƙone.

Kiristal bayolet minti ɗaya, ki ɗauraye. Aidin minti ɗaya, ki ɗauraye. Yanzu ki karkata gilashin a kan wani abu fari, ki riƙa ɗiga alkohol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, idonki a kan abin da ke gangarowa. Da ya daina zuwa da launi, yawanci tsakanin daƙiƙa 10 zuwa 20, ki sa ruwa nan take. Ruwan shi ne birki, don haka ya kasance a hannunki tun kafin ki fara, ba sai kin ɗiga alkohol ki tafi layin famfo ba. Ki kuma karanta jikin kwalbar. In asiton ne zalla, daƙiƙa 2 zuwa 3 sun isa. Wanda ya ba shi lokacin alkohol zai wanke komai, har Staphylococcus, wadda Gram-fozitif ce, ta koma ruwan hoda. Sannan safranin kamar minti ɗaya, ki ɗauraye, ki danna da takardar tsane ruwa, ban da gogewa.

Akwai kuma laifin da ba na hannunki ba. Tsiron da ya kwana biyu ko uku a faranti ya tsufa, bangon ƙwayoyin ya fara lalacewa, sai ki ga Gram-fozitif ta fito rabi shunayya rabi ruwan hoda. Dangin Bacillus sun yi suna a wannan. Ki nemi tsiro na awa 18 zuwa 24. Ki duba aidin ma: launin ƙasa-ƙasa mai duhu ya kamata ya kasance. In ya koɗe ya koma rawaya-rawaya, ƙarfinsa ya tafi, kuma zafin bazararmu da barin kwalba a buɗe kusa da taga suna saurin kashe shi. Kiristal bayolet da ya jima yakan yi gari-gari, ɗalibi ya ga tsinkaye masu duhu ya ɗauka sandunan bakteriya ne. A tace shi da takardar tacewa, shi ke nan.

To yaya za ki san laifin naki ne ko na kwalba? A nan ne nake ganin ana yi wa ɗalibai ƙwauron koyarwa, domin da yawa suna gama karatu ba a nuna musu ba. Kada ki rina baƙuwar ƙwaya ita kaɗai. Ki raba gilashin gida uku da fensirin kakin zuma: Staphylococcus aureus a hagu, E. coli a dama, wadda kike bincike a tsakiya. Rini ɗaya, wanki ɗaya. In ta hagu ta fito ƙwallaye curi-curi shunayya, ta dama kuma gajerun sanduna ruwan hoda, ki yarda da abin da tsakiya ta nuna. In duka biyun shunayya ne, wanki bai isa ba ko shafi ya yi kauri. In duka ruwan hoda ne, wanki ya wuce kima ko aidin ya mutu. A samfurin majiyyaci, kamar mugunya ko majina, shaidar tana ciki: fararen ƙwayoyin jini ruwan hoda ya kamata su fito. Kika gan su shunayya, kada ki rubuta sakamako.

A madubi kuwa, ki fara da ƙaramin gilashin ido mai lamba 10 ki nemo wuri mara cunkoso, yawanci gefen shafin, sannan ki ɗiga mai ki juya zuwa mai lamba 100. Kada mai ya taɓa mai lamba 40, kuma ki goge da takardar madubi, ba da gefen hijabi ko rigar lab ba.

Wannan tsanani yana da dalili. Muna zaune a yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin rani; annobar 1996 kaɗai ta ci dubban rayuka a arewacin Najeriya da Nijar. Idan aka kawo ruwan ƙashin bayan yaro, Neisseria meningitidis ƙwallaye ne bibbiyu ruwan hoda, Streptococcus pneumoniae kuma bibbiyu shunayya. Likita yana samun wannan labari cikin mintuna, alhali shuka a faranti sai ta kwana a ɗumin digiri 37. Ki sani kuma ba kowace ƙwaya ke karɓar wannan rini ba. Ta tarin fuka bangonta kaki ne, sai da rini irin na Ziehl-Neelsen ake ganinta.

Alkohol da asiton suna kamawa da wuta, don haka ki kashe fitilar sifirit ko ki matsar da ita nesa kafin ki buɗe kwalabensu. Gilashin da kika gama da shi ya shiga tulun maganin kashe ƙwayoyi, faranti kuma ya tafi otokilef a zafin digiri 121, ba kwandon shara ba. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa wayar salularki.