Matsayin Masanin Halayyar Ɗan'adam na Asibiti a Cibiyoyin Farfaɗo da Masu Shaye-Shaye

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin aikin masanin halayyar ɗan'adam na asibiti a cibiyoyin farfaɗo da masu ta'ammuli da miyagun ƙwayoyi, tare da mayar da hankali kan Arewacin Nijeriya. Maƙalar ta bambanta aikinsa da na likitan ƙwaƙwalwa, ta fito da manyan ayyukansa guda huɗu, sannan ta nuna cewa harshe shi ne babban makaminsa. A kan haka ta yi kira ga manazarta Hausa da su shigo cikin lamarin.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abu mai sa maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. Kafin wannan, a shekarar 2018, wani binciken BBC ya fallasa yadda ake sayar da maganin tari mai kodin a ɓoye, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi.

Haramci yana rage samuwar ƙwaya a kasuwa, amma wanda ya riga ya kamu yana nan da larurarsa. Iyaye da yawa kan kai irin waɗannan 'ya'ya gidajen mari. A watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta jihar Kaduna, wasunsu ɗaure da mari. Wannan ya nuna yadda al'umma ke kallon shaye-shaye a matsayin kangara da ke buƙatar horo. Kimiyyar lafiya kuwa tana kallonsa a matsayin larura mai yawan komowa da ke buƙatar jinya mai tsawo.

2.0 Wane Ne Masanin Halayyar Ɗan'adam na Asibiti?

Masanin halayyar ɗan'adam na asibiti ƙwararre ne da ya karanci ilimin halayyar ɗan'adam, ya zurfafa a matakin gaba da digirin farko, ya kuma sami horo kan majinyata a ƙarƙashin kulawar magabatansa. Ana danganta soma wannan fanni ga Lightner Witmer, wanda ya buɗe ɗakin duba masu matsalar halayya na farko a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a shekarar 1896.

Jama'a kan haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, alhali akwai bambanci. Likitan ƙwaƙwalwa ya karanci likitanci, shi ke rubuta magani da kula da jikin majinyaci a kwanakin farko na barin ƙwaya, lokacin da gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci suke addabar wanda ya saba da kodin ko tiramadol. Wannan mataki kan wuce cikin kwanaki ko 'yan makwanni. Abin da ke saura shi ne kwaɗayin ƙwayar da dalilan da suka jefa mutum cikinta tun farko. A nan ne aikin masanin halayya yake da nauyi. Tunanin da George Engel ya gabatar a shekarar 1977, cewa cuta tana da ɓangaren jiki da na tunani da na zamantakewa, shi ne ya ƙarfafa tsarin aikin tawaga, inda likita da ma'aikacin jinya da masanin halayya da jami'in jin daɗin jama'a suke haɗuwa a kan majinyaci ɗaya.

3.0 Manyan Ayyukansa

3.1 Tantancewa

Aiki na farko shi ne gano wane ne majinyacin da kuma abin da ƙwayar ke yi masa. Masanin kan tattauna da shi da danginsa, ya yi amfani da ma'aunai irin su ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya. Matashin da ke shan tiramadol domin ya jure aikin ƙarfi, da matar auren da ke shan kodin domin ta manta da ƙuncin gidanta, da wanda ya ga kashe-kashe ya kasa barci, duka suna cibiya ɗaya amma larurarsu ta bambanta. Idan ba a gano damuwa mai tsanani ko firgicin da ke ƙarƙashin shaye-shayen ba, jinyar takan tsaya a saman matsalar. Tantancewar ta ƙunshi auna haɗarin kashe kai.

3.2 Zaburar da Niyya

Majinyata da yawa kawo su aka yi, ba su suka zo da kansu ba. James Prochaska da Carlo DiClemente sun bayyana cewa sauya hali yana bin matakai: rashin ganin matsala, da soma tunani, da shiri, da aiwatarwa, da ɗorewa. Wanda bai yarda yana da matsala ba, faɗa da gori sai su ƙara masa taurin kai. Saboda haka William Miller ya gabatar da dabarar hira mai zaburarwa a shekarar 1983. A cikinta masanin kan yi tambaya ya saurara, har majinyacin ya furta da bakinsa abin da ƙwayar ta raba shi da shi: jari ko karatu ko mutunci a idon mahaifiya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3.3 Gyaran Tunani da Rigakafin Komawa

Hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck yake cikin jagororinta, ta ginu a kan cewa tunani ne ke jan hali. Ana koya wa majinyaci ya lura da abin da ke tayar masa da kwaɗayi, kamar wata majalisa ko wani aboki ko saɓani a gida ko shigowar kuɗi a hannu, ya kuma tanadi abin da zai yi idan hakan ta taso. Alan Marlatt ya nuna cewa tuntuɓe ɗaya yakan zama faɗuwa gaba ɗaya idan mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai shiryuwa ba ne. Lamarin ya shafi rai kai tsaye, domin jikin da ya huta daga ƙwaya ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba, kuma komawa ga tsohon adadin na iya kisa.

3.4 Aiki da Iyali

Majinyaci gida zai koma. Idan an tarbe shi da zargi da tsangwama, tsofaffin abokai ne za su karɓe shi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masanin kan zauna da iyaye da ma'aurata domin su fahimci larurar, su san iyakar taimako da iyakar shagwaɓawa. Nijeriya tana da tarihi a nan: a shekarar 1954 Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama cikin jama'a tare da wani ɗan'uwansu yayin da ake yi musu magani.

4.0 Harshe da Al'ada a Ɗakin Jinya

Likita yana da allura da ƙwayar magani, shi kuwa masanin halayya da magana yake aiki. Yawancin ma'aunan da yake amfani da su da Ingilishi aka tsara su, a cikin al'adar da ba ta Bahaushe ba. Hausa tana da damuwa da ɓacin rai da baƙin ciki da ƙunci da zullumi da fargaba, kuma kowace tana da inda ta dosa. Fassarar da ba ta tantance tsakaninsu ba za ta ba da sakamako gurgu. Haka nan majinyaci kan bayyana damuwarsa ta hanyar jiki, ya ce kansa ya yi nauyi ko ƙirjinsa na zafi.

Al'ada ma tana da tasiri. Kunya kan hana matashi faɗar gaskiya a gaban mahaifinsa, ta kuma sa dangi su ɓoye mace mai shaye-shaye har larurar ta yi nisa. Kalmomin "ɗan ƙwaya" da "mahaukaci" tambari ne da ke bin mutum bayan ya warke. Karin maganar da ke cewa hali zanen dutse, idan majinyaci ya ɗauke ta a kan kansa, tana rushe fatar sauyi. Amma a cikin al'adar akwai abubuwan gini: tuba da haƙuri da zumunci da imanin cewa ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Masanin da ya san waɗannan zai iya haɗa hannu da malamai da masu unguwanni, ya yi magana da majinyaci da abin da ya yarda da shi.

5.0 Kammalawa

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairu na shekarar 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta tabbatar wa majinyata haƙƙin kulawa cikin mutunci. Aiwatar da ita na buƙatar ƙwararru, kuma masana halayya na asibiti sun yi ƙaranci, mafi yawansu suna manyan asibitocin birane irin na ƙwaƙwalwa da ke Kaduna da Maiduguri da Kware. Maƙalar ta ba da shawarar a wajabta samun masanin halayya a kowace cibiyar farfaɗowa kafin a ba ta izinin aiki. Ta kuma ba da shawarar sassan nazarin Hausa su haɗa gwiwa da sassan ilimin halayya wajen fassara ma'aunai da daidaita kalmomin da suka shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, tare da nazarin yadda Bahaushe ke bayyana abin da ke damun zuciyarsa.