Koyon Zanen Bango a Kwaleji

A Damagaram, unguwannin Birni da Zango sun yi suna da zanen bango. Amma siminti ya shigo, gwanayen magina kuma suna tsufa.

Malamin kwaleji yana iya koya wa ɗalibai wannan aiki ba da kashe kuɗi ba. Da farko su zana dagi a rairayi da yatsa, har hannu ya saba. Sannan su kwaɓa laka, su shafa a kan tubali. Tun tana ɗanya ake fid da zane, domin in ta bushe sai ta tsage. Makuba, wadda ake yi da kwasfar ɗorawa, tana kare zanen daga ruwan sama.

Ya kamata a gayyato tsohon magini ya duba aikinsu. Iyaye kuma su bar yara su gwada a bangon zaure.