Cinikin Gida da Hanyar Ruwa: Abin Lura ga Hakimai da Malamansu

A Ruwan Godiya da sauran garuruwan ƙasar Faskari, da Sabuwa, da Ƙanƙara, galibin cinikin gida da rani a ke yinsa, bayan an sayar da amfanin gona, kuɗi ya shiga hannu. To, a wannan lokaci ƙasa ta bushe, kwari da tudu duk kamarsu ɗaya ga idon baƙo. Sai Agusta ta zo kana mai saye ya gane abin da ya saya.

Wannan yanki na kudancin Katsina ya kan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, watau ya fi arewacin jihar nesa. Ginin ƙasa kuwa ta gindi ya ke mutuwa. In ruwa ya kwana a gindin katanga, sai laima ta hau, ƙasar ta yi laushi, nauyin soro da azara ya ƙarasa sauran, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Filin da ya fi ban tsoro shi ne tsohon kududdufi da aka cike da shara aka yanka. Araharsa ita ke jan talaka, amma ruwan unguwa ba ya fasa gangarowa can don an yi gini. Iskar farkon damina kuma ta kan yaye kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, gara ta ci azara.

Kada a manta da Jibiya. A watan Yuli na 2018 ruwan dare ɗaya ya halaka mutum fiye da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje a unguwannin bakin gulbi.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne, rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari. Suna neman wurin zama da gaggawa, ba su san ƙasar ba, wanda ya sani kuwa shi ne mai sayarwa.

Gaskiya ne Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa ba da filin karkara a hannun ƙaramar hukuma. Amma har yanzu takardar ciniki gaban Dagaci da Hakimi a ke kawo ta don shaida, kuma talaka ya ɗauka hatiminsu ya wanke gidan. Saboda haka kafin malami ya rubuta, lalle ya sa a kira mai unguwa da maƙwabta biyu waɗanda suka yi damina da yawa a wurin. A tambaye su a gaban mai saye ina ruwan unguwar ya ke bi, ko ya taɓa shiga gidan, da kuma ko wurin kududdufi ne a dā. A duba gindin katanga, gama sabon yaɓe da rani ya kan ɓoye shatar ruwa. Abin da suka faɗa a rubuta shi cikin takardar, da sunayensu, a ajiye kwafi ɗaya a ofishin Hakimi.