Mu Duba Fim: Coming to America

A wannan fim na 1988, Eddie Murphy ne Yarima Akeem na ƙasar Zamunda, wanda ya ƙi matar da iyayensa suka zaɓa masa. Ya tafi Amurka, ya ɓoye sarautarsa, yana goge daɓe a gidan abinci, don ya sami wadda za ta so shi saboda halinsa, ba dukiya ba. Wannan mun yaba. Amma ƙarya ya yi wa Lisa, wadda ya aura daga baya, aka kuma yafe masa da wuri. Abin da ya fi damunmu shi ne matar farko: ya ce ta yi haushi kamar kare, ta yi, mu kuwa muka tuntsire da dariya. Sai daga baya kunya ta kama mu.